Tambayoyi da amsoshi: yadda kwamfuta ke taimakawa bakteriya su haɗa mana furotin na magani

Tun da na dawo Garwa hutu mutane ke tare ni da tambaya wai me nake yi takamaimai a labo, wasu sun ɗauka likita nake karanta, wasu kuma da sun ji kalmar bakteriya sai su ce Allah ya kiyaye. Ƙannena da ke lise ma sun dame ni. Ni kuwa aikina shi ne amfani da kwamfuta wajen lissafa yadda bakteriya ke "fassara" rubutun DNA ya zama furotin. Toh ga tambayoyin da aka fi yi min na tattara, na amsa daidai yadda zan amsa in muna zaune a gindin dalbejiya ana shan shayi.

Wai bakteriya ba cuta ba ce? Ta yaya kuma za ta yi mana magani?

Ba dukansu ba ne cuta ɗan'uwa. Wadda muke aiki da ita sunanta E. coli, wani likitan yara Bajamushe Theodor Escherich ne ya gano ta a 1885, kuma yanzu haka da kake karanta wannan tana nan cikin hanjinka tana zamanta lafiya. Akwai jinsinta masu sa gudawa, gaskiya ne, amma na labo irin su K-12 da BL21 an daɗe ana kiwonsu kamar dabbar gida. Abin da ya sa ake sonta, in ta samu abinci da ɗumi a minti 20 ɗaya ta zama biyu, ka saka ɗan kaɗan a ruwan abincinta da yamma ka dawo da safe ka tarar ruwan ya yi kauri kamar kunu.

A 1973 Stanley Cohen da Herbert Boyer a Amurka suka nuna ana iya yanko guntun DNA daga wata halitta a dasa a cikin bakteriya ta karɓa ta yi aiki da shi. A 1978 aka sa E. coli ta haɗa insulin irin na ɗan adam, a 1982 aka amince a sayar da shi da sunan Humulin. Kafin nan insulin ɗin masu ciwon suga daga jikin shanu da aladu ake tatso shi. Baffana mai ciwon suga ne, ranar da na gaya masa haka ya yi shiru ya jima yana kallon kwalbar da ke cikin firigo, sannan ya ce toh wannan fa? na ce baffa na yanzu ƙananan halittu ne ke yinsa, wani bakteriya wani yis, babu alade a ciki. Wlh na ga hankalinsa ya kwanta.

Me ake nufi da "fassara" a nan? Daga Faransanci zuwa Hausa?

A'a, amma ba banza aka ara sunan ba. DNA kamar babban littafi ne da ba a fita da shi, sai a kwafi shafin da ake buƙata, wannan kwafin shi ne mRNA, rubutunsa da haruffa huɗu kacal A, U, G, C. Shi kuma furotin sarƙa ce ta amino asid masu iri 20. Kenan yare biyu ne daban, dole a samu tafinta, tafintan shi ne ribozom.

Ribozom yana karanta haruffan uku uku, kowane uku ana ce masa kodon. Kodon 64 ne gaba ɗaya, 61 suna kiran amino asid, uku kuma UAA da UAG da UGA suna cewa tsaya an gama. Yawanci da AUG ake farawa. Ka ɗauki ribozom kamar tela a kan kekensa, su kuma tRNA yaran shago ne, kowane yaro da kalar zaren da yake ɗaukowa, tela ya karanta kodon ya kira, yaron da ke da wannan kalar ya miƙo, a ɗinka a wuce gaba. In bakteriya na cikin ƙoshi ribozom na ɗinka amino asid kusan 20 a sakan ɗaya, furotin mai 300 kenan a ƙasa da rabin minti an gama shi.

Toh ina matsalar? Ka saka mata rubutun ta karanta mana.

Da haka abin yake da babu wanda zai sha wahala. Matsalar farko, kodon 61 ne amma amino asid 20, kenan abu ɗaya ana iya rubuta shi ta hanyoyi da yawa. A cikin amino asid ɗin, lusin da serin da arjinin kowanne kodon shida gare shi, metiyonin da tiriftofan ne kawai masu ɗaya ɗaya. Kuma kowace halitta da irin nata lafazin, kamar yadda Bakano da mutumin Marwa za su faɗi magana ɗaya amma kowa da kalmomin da bakinsa ya saba. E. coli ba ta cika amfani da AGA da AGG wajen arjinin ba, haka AUA da CUA, dan haka yaran shagon da ke ɗauko waɗannan ba su da yawa, wani masani ɗan Japan Ikemura ya nuna wannan alaƙar tun 1981. In ka kawo rubutun ɗan adam cike da AGA da AGG a jere, tela zai kira yaro ya zauna jira, wani lokacin ya ɗinka wanda ba shi ba, wani lokacin ma ya saki aikin rabi.

Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta fi muni, kusan kashi 80 cikin ɗari na DNA ɗinta A da T ne (a DNA T ke zama a gurbin U), lafazinta ya yi nisa sosai da na E. coli, kuma ita ce mu muka fi buƙatar furotin ɗinta saboda kayan gwaji da bincike.

Matsala ta biyu ita ce yawa. Furotin mai amino asid 300, in ka ce kowanne yana da zaɓi kamar uku, hanyoyin rubuta shi sun kai lamba 1 mai sifili sama da 140 a bayanta. Duk furotin ɗaya za su bayar a takarda, amma a cikin bakteriya wani ya cika kwalba wani ko ɗigo. Ba mai iya gwada su ɗaya bayan ɗaya ko da za a tara duk labo na duniya, shi ya sa ake neman kwamfuta ta rage mana su zuwa goma ko ashirin da za a iya gwadawa da hannu.

Ita kwamfutar me take yi? Tana ganin cikin bakteriya ne?

Ba ta ganin komai. Lissafi ne muke rubuta mata wanda ke kwaikwayon abin da ke faruwa, sai ta gudanar da shi sau dubbai ta ce ga abin da zai iya fitowa.

Duk wanda ya taɓa bin gadar Binuwai lokacin da manyan motocin auduga suka yi layi ya riga ya fahimci rabin karatun. Hanya ɗaya ce siririya, ba a wuce na gaba, in na gabanka ya tsaya kai ma ka tsaya. Haka ribozom suke a kan mRNA, da yawa suke hawa a lokaci guda, kowanne ya rufe wajen haruffa 30 wato kodon goma, ba ya iya tsallake ɗan'uwansa. Masana uku, MacDonald da Gibbs da Pipkin, sun rubuta lissafin wannan tun 1968, ana kiransa TASEP, daga baya masu nazarin cunkoson motoci ma suka ara. A cikinsa abu uku kake ba kwamfuta: sau nawa ribozom ke samun shiga, saurin da yake yi a kan kowane kodon, da yadda yake sauka a ƙarshe. Sai ta nuna maka inda go-silo zai haɗu da kuma furotin nawa ke fita a minti.

Abin da lissafin ya koya mana mai muhimmanci ne: in ƙofar shiga ce ƙunci, ko ka shimfiɗa kwalta mai kyau a tsakiyar hanya motocin da ke fita ba za su ƙaru ba. In kuma ƙofa a buɗe take wangale amma akwai rami a tsakiya, sai layi ya taru har ya toshe ƙofar, ribozom da yawa su maƙale a wuri ɗaya alhali bakteriya na buƙatarsu a wasu ayyukan. A 2011 aka fito da wani samfurin mai sauƙin lissafi da ke ɗaukar abin kamar ruwa mai bi ta tankuna a jere. Kuma tun 2009 akwai dabarar da Ingolia da abokan aikinsa suka kawo, ana daskarar da ribozom a inda suke a karanta guntayen mRNA da suka rufe, sai ka ga zahiri inda suke yawan tsayawa, ka gwada da abin da lissafi ya faɗa.

Na ji ana cewa kawai a canja duk kodon zuwa wanda bakteriya ta fi so, magana ta ƙare. Haka ne?

A nan nake son ku tsaya da kyau, dan wannan tunanin ya cinye wa mutane kuɗi da watanni, ni ma ya cinye min.

Asalin abin, a 1987 Sharp da Li suka kawo wani ma'auni da ake kira CAI, maki ne daga 0 zuwa 1 da ke nuna yadda kodon ɗinka suka yi kama da na jin ɗin da bakteriya ke fassarawa da yawa, jin wato guntun DNA mai ɗauke da rubutun furotin guda. Ma'aunin yana da amfani, amma mutane suka mai da shi kamar shi ne komai. Lokacin da nake masta an ba ni wani furotin na wata ƙwayar cuta ta dabbobi in sa E. coli ta yi, na zauna na canja kowane kodon zuwa wanda ya fi maki, CAI ya kusa 1, muka aika wa wani kamfani a Turai ya haɗa DNA ɗin, muka jira sati biyar, kuɗin kuma daga ɗan abin da malamina ya samu na bincike ne. Ya iso na dasa na shuka na zuba IPTG, sinadarin da ke ce wa bakteriya fara aiki, na kwana ina lissafi. Da safe na gudu jel, wato faranti mai kamar ƙanƙarar kunu da ke jera furotin layi layi gwargwadon girmansu, na rina shi da shuɗin rini na ɗaga shi wajen taga ina neman layi mai kauri a inda furotin ɗina ya kamata ya tsaya. Babu. Layin wanda na zuba wa IPTG da wanda ban zuba wa ba iri ɗaya sak. Sau uku ina maimaitawa, hannuna har rawa yake dan na san me aka kashe.

Malamina bai yi faɗa ba, ya ce ɗana je ka duba min yadda farkon mRNA ɗinka ke naɗewa. Na saka shi a manhaja, sai ga shi farkon ya lanƙwashe ya manne da kansa kamar igiyar guga da ta cukurkuɗe, dan kodon ɗin da na zaɓa sun cika G da C, su kuma G da C riƙonsu ya fi ƙarfi. AUG ɗin yana can ciki a ɗaure, ribozom bai samu wurin zama ba. Kodon takwas na farko kawai muka canja zuwa masu A da T, furotin ɗin bai canja ko amino asid ɗaya ba, jel na gaba sai ga layi baƙi-ƙirin da shuɗi kamar an ja da alƙalami.

Ashe an riga an nuna haka. A 2009 Kudla da abokansa sun haɗa rubutu 154 daban daban na furotin ɗaya, GFP mai haske kore, suka saka a E. coli, tsakanin mafi haske da mafi duhu ninki 250 ne, kuma CAI bai bayyana bambancin ba, naɗewar mRNA a haruffa kusan 40 na farko ita ta bayyana fiye da rabi. A 2013 Goodman da Church da Kosuri suka gwada sama da 14,000 suka ga kodon da ba a cika amfani da su ba in suna farkon jin har ƙara yawan furotin suke, dalili kuwa galibinsu A da T ne, suna hana cukurkuɗewa. Ban ce kodon ba su da tasiri ba fa, suna da shi, a aikin Kudla ma an ga rubutun da ya cika baƙin kodon yana rage wa bakteriya saurin girma. Amma wanda ya fara da tsakiyar hanya bai duba ƙofa ba ya fara ta baya.

Ita ƙofar shigar yaya take?

Kafin AUG da ɗan tazara akwai wasu haruffa, AGGAGG ko makamancinsu, Shine da Dalgarno suka gano su a Ostareliya a 1974. Nan ƙaramin ɓangaren ribozom ke kamawa ya daidaita zamansa. Abu uku ke aiki tare: ƙarfin kamun, tazarar da ke tsakaninsa da AUG wadda in ta wuce ko ta gaza da haruffa biyu uku abin ya lalace, da kuma ƙarfin da ake buƙata a warware naɗin mRNA a wurin. Howard Salis ya haɗa waɗannan a lissafi ɗaya a 2009, ana kiransa RBS Calculator, ka ba shi rubutunka ya hasashe ƙarfin ƙofar, ko ka gaya masa ƙarfin da kake so ya rubuta maka ƙofar. Sun nuna ana iya murɗa shi sama ko ƙasa har ninki 100,000, kamar kan famfo.

Wani abu da mutane ke mantawa, ƙofar da ta yi aiki da kyau da wani jin ba lallai ta yi da naka ba, dan naɗewar ta danganta da haruffan da ke biye da ita.

Kenan burin shine a samu furotin mafi yawa ko?

A'a. Duk matar da ta taɓa zuba gari gaba ɗaya a tukunya ta san gudaji. Furotin ba ya aiki sai ya naɗe da siffarsa daidai, kuma yana fara naɗewa tun yana fitowa daga ribozom. In aka matsa wa bakteriya ta zubo shi da gudu sai ya dunƙule ya zama curi curi a cikinta, a jel ka ga layi mai kauri ka yi murna, ka zo tacewa ka tarar duk yana cikin laka ba ya narkewa ba ya aiki. Shi ya sa a labo muke sauke zafi daga digiri 37 zuwa wajen 18 mu bar shi ya kwana, ko mu rage IPTG. Akwai ma masu tsara rubutun da gangan su bar wuraren da ribozom zai ɗan sassauta, kamar yadda yake a halittar da aka ɗauko jin ɗin, dan wani sashe ya samu ya naɗe kafin na bayansa ya fito.

Ga kuma nauyi. Ribozom ɗin bakteriya ƙidayayyu ne, in ka kwashe su duka suna yi maka aiki ba ta da na haɗa nata kayan, girma ya tsaya, sai waɗanda suka yi sa'a suka jefar da DNA ɗinka su fi saurin haihuwa su mamaye kwalbar. Samfuran lissafi masu kyau yanzu suna saka wannan a ciki.

Kowane furotin E. coli za ta iya yi?

A'a. Ba ta iya manna wa furotin sarƙoƙin sukari irin yadda jikinmu ke yi, dan haka yawancin magungunan antibodi a ƙwayoyin dabba ake yinsu. Allurar RTS,S ta zazzaɓin cizon sauro da Kamaru ta fara yi wa yara a Janairun 2024 a yis ake haɗa ta. Wannan ba abin da gyaran kodon zai magance ba ne.

AI fa? Ba ta gama da wannan ba?

Ana amfani da ita, kuma tana taimakawa, musamman tun da aka fara samun bayanai masu yawa, a 2018 Cambray da abokansa sun gwada rubutu 244,000 a E. coli. Bambancin shine samfurin irin su TASEP yana gaya maka dalili, ita kuma AI sau da yawa amsa kawai take ba ka, in furotin ɗinka bai yi kama da waɗanda ta koya da su ba za ta iya ba ka amsa da cikakken ƙarfin hali alhali kuskure ne. Ni nafi natsuwa in na haɗa biyun.

Hasashen kwamfuta yana cika kuwa?

Yana kusanta. Salis da kansa ya ce lissafinsa na ƙofa yana faɗuwa a cikin ninki 2.3 na gaskiya, wannan nasara ce babba a fagen da bambanci ke kai dubbai, amma ba daidai sak ba ne. Akwai abubuwan da lissafi mai sauƙi ba ya kamawa, misali mRNA ɗin ya rube da wuri, ko amino asid ɗin da ake kira furolin ya jeru uku ribozom ya cije sai wani mataimaki da ake kira EF-P ya zo ya ture shi, ko furotin ɗin kansa ya zama guba ga bakteriyar. Dan haka ba a aika odar rubutu ɗaya, ana zaɓar kaɗan masu bambanci a gwada duka, abin da jel ya nuna a mayar wa kwamfuta ta gyara lissafinta.

Mu a nan arewacin Kamaru me ya shafe mu? Ko kuran, wato wutar lantarki, ba ma samu kullum.

Ya shafe mu sosai. Furotin ɗin da ake kira Taq, wanda ake gwajin PCR na gano DNA ɗin ƙwayoyin cuta da shi, a E. coli ake yinsa, kuma mu daga waje muke sayensa da tsada, a jira shi watanni, a yi ta fargabar kar sanyinsa ya yanke a hanya tsakanin Duwala da nan. Furotin ɗin da ake sakawa a kayan gwajin cututtukan shanu da awaki da yawansu haka ake yinsu. Muna da LANAVET a Bokle kusa da Garwa mai yin alluran dabbobi, akwai reshen cibiyar binciken cututtuka ta Pasteur a Garwa, akwai ENSAI, makarantar kimiyyar noma da masana'antu, a jami'ar Ngaundere, ga jami'ar Marwa, a Njamena ma akwai tsohon labo na dabbobi a Farsha. Kenan ba daga sifili za a fara ba.

Maganar kuran gaskiya ce, na taɓa rasa aikin kwana biyu dan injin girgiza kwalabe ya tsaya tsakar dare, da safe na tarar bakteriya sun kwanta a ƙasan kwalba. Amma dai shi ya sa nake dagewa kan ɓangaren lissafi, wanda kuɗinsa kaɗan ne ba shi da damar gwaji goma a banza, kowace oda ta DNA sai an yi mata tunani, kuma wannan tunanin da kwamfutar cinya da batir da ɗan kiredi na intanet ake yinsa.

Yaya ni ina tarminal, ajin ƙarshe na lise, in ina son wannan fannin daga ina zan fara?

Ƙanwata kar ki saki lissafi dan kina son ilimin halittu, biyun tare suke tafiya a nan. Ki koyi Python, yaren rubuta shirin kwamfuta, ko a waya ana iya farawa. Ki shiga NCBI, rumbun rubutun DNA da ke intanet, kyauta ne, ki ɗauko rubutun GFP, amino asid 238 ne, ki rubuta ɗan shiri da zai yanka shi uku uku ya ƙirga miki AGA da AGG nawa ne a ciki. In kin iya wannan sai ki kwafi haruffa 40 na farko tare da ƙofar ki saka a RNAfold na ViennaRNA, shi ma kyauta ne, zai zana miki yadda suke naɗewa ya ba ki lamba mai alamar ragi, duk yadda lambar ta yi ƙasa naɗin ya fi ƙarfi. Ki canja kodon biyu uku ba tare da kin taɓa amino asid ba ki sake gwadawa ki ga lambar ta motsa. In kin kai nan ki turo min hoton abin da ya fito, sai mu hau TASEP tare, layuka kamar talatin ne kawai na shiri, zan nuna miki yadda ake sa ribozom su yi layi a kan allo.